Amsoshin Tambayoyinku: Jackson 5 da The Jacksons, kaset ɗin jabu ne ko girma ne ya zo?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau jakar wasiƙun tamu ta karkata wajen kiɗa da waƙa. Na ware wasiƙu biyar da suka iso a makonni daban-daban, masu su ba su san juna ba, amma da na baje su a kan tebur sai na ga ashe rijiya ɗaya suke ɗiba. Masu tambayoyin siyasa da na noma ku yi mana uzuri, mako mai zuwa naku ne in Allah ya kai mu.

Wasiƙar farko daga wani dattijo ce, tela a Zongon Kumasi da ke Ghana. Ya ce yana kakkaɓe shago sai ya ci karo da kwalin tsofaffin kaset ɗinsa. A ciki akwai guda biyu da suka ɗaure masa kai, ɗaya an rubuta Jackson 5, ɗaya kuma The Jacksons. Fuskokin da ke jikin kwalin kusan iri ɗaya ne, amma kiɗan ya bambanta, murya ma haka. Ɗansa ya yi masa dariya, ya ce tun a wancan zamanin aka sayar masa da jabu. Tambayarsa ita ce: mutane ɗaya ne? In su ne, me ya kai su sauya suna, kuma ina muryar yaron nan mai zaƙi ta tafi?

To Baba, ranka ya daɗe, ka gaya wa ɗan naka ya mayar da dariyarsa. Ba a cuce ka ba. 'Yan gida ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ke tsakanin kaset ɗinka biyu shekaru ne na faɗi-tashi da wasu yara suka yi suna neman a daina ɗaukarsu yara.

Gidansu yana garin Gary a jihar Indiana ta Amurka, garin masana'antun ƙarfe. Ɗakunan kwana biyu ne kacal a gidan, 'ya'ya tara. Uban, Joe Jackson, ma'aikacin masana'antar ƙarfe ne, yana kuma taɓa kiɗan jita. Da ya gane 'ya'yansa maza suna da baiwa sai ya ɗora su a kan atisaye kullum bayan makaranta, da tsawa da bulala, abin da Michael ya sha ba da labarinsa da ya girma. Biyar ɗin su ne Jackie, Tito, Jermaine, Marlon da Michael. A 1969 suka shiga hannun kamfanin Motown na Berry Gordy, wanda a lokacin babu kamfanin waƙa na baƙar fata da ya kai shi. Kafin 1970 ta ƙare, waƙoƙinsu huɗu na farko, I Want You Back, ABC, The Love You Save da I'll Be There, kowace ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka. Biyu daga ciki ma waƙoƙin Beatles suka ture daga kan kujera. Michael, wanda aka haifa a watan Agustan 1958, yana da shekara 11 aka fara wannan ruwan nasara. Kamfanin har rage masa shekaru ya yi a gaban 'yan jarida don ya ƙara shiga ran mutane.

Sai dai Baba, kai tela ne, za ka gane abin da zan faɗa fiye da kowa. Yaran nan riga aka ɗinka musu, su dai sawa kawai suke yi. Waƙoƙi uku na farkon wasu mutum huɗu ne suka rubuta su a ƙarƙashin suna guda, The Corporation: Berry Gordy da kansa, da Freddie Perren, da Alphonzo Mizell, da Deke Richards. Kiɗan da kake ji a kaset ɗin na ƙwararrun makaɗan situdiyo ne. Tito da Jermaine suna riƙe da jita a kan dandamali, amma a wajen ɗaukar faifai ba a barinsu su taɓa. An koya musu abin da za su faɗa wa 'yan jarida. An ce wa duniya Diana Ross, fitacciyar mawaƙiyar Motown, ce ta gano su, har aka sa sunanta a kan faifansu na farko, alhali wani mawaƙi mai suna Bobby Taylor ne ya kai su kamfanin. A 1971 har wasan katun aka yi da su a talabijin. Riga ce mai kyau, ta kuma zauna musu ɗas. Matsalar ɗinkin yaro dai ka san ta, shekara biyu hannu ya ɗage.

Baba, riƙe wannan tukuna, bari in shigo da wasiƙa ta biyu, don amsarta tana tsakiyar taka.

Wani malamin Islamiyya ne daga Garwa a Kamaru. Ya ce yana da ɗalibi da ke ja musu baitin waƙa a ranar saukar karatu, murya kamar sarewa, mutane har kuka suke yi. Bana yaron ya shiga shekara 14, muryar ta dishe, in ya ja sama sai ta karye masa a tsakiya, 'yan'uwansa su fashe da dariya. Iyayen sun fara zargin baki ne ya kama shi. Malam yana tambaya ko akwai magani.

Allah ya gafarta Malam, ba baki ba ne, ba kuma ciwo ba ne. Balaga ce. A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan siraran tsokoki guda biyu da iskar huhu ke kaɗawa su ba da sauti, kamar yadda tsarkiyar molo ke yi in an taɓa ta. Tsarkiya gajera siririya sautinta sama yake tafiya, doguwa mai kauri kuma ƙasa. Idan namiji ya fara balaga, sinadarin da ake kira testosteron yana sa maƙogwaron ya girma, tsokokin nan su ƙara tsawo da kauri. Shi ya sa za ka ga zakaran wuya ya ɓullo wa yaro a daidai lokacin. Karyewar da kake ji kuwa, yaron ne bai saba da sabon kayan kiɗan da ke wuyansa ba. Ya aika murya inda ya saba aika ta, ta tarar an tashi daga wurin. Abin yakan ɗauki watanni, wani har shekara ɗaya ko biyu, kafin ta zauna. Mata ma tasu tana sauyawa, amma kaɗan. Abin da zan roƙa, kada a matsa masa sai ya kai inda yake kaiwa da, kada kuma a cire shi daga sahu. A sauke masa karin ƙasa, a ba ƙaramin yaro jan baiti, shi ya riƙe amshi zuwa wani lokaci. A kuma tsawata wa masu dariyar, don kunyar da ake ba yaro a wannan shekarun ta fi dishewar illa. In kuwa akwai zafi a wuya ko wahalar haɗiya, wannan daban ne, sai a kai shi asibiti.

Abin da ya sami ɗalibinka, Malam, shi ya sami Michael wajen 1972 zuwa 1973, sai dai shi a gaban duniya ya same shi. Ya yi tsawo, ƙuraje suka feso masa a fuska, muryar ta sauka. Ya ba da labari da kansa cewa baƙi kan shigo suna neman ɗan ƙaramin Michael mai kyau, su wuce shi yana tsaye, in ya ce shi ne sai su dube shi da shakka. Ku auna wannan a zuciyar ɗan shekara 14.

Mu koma Kumasi. Daga 1972 ciniki ya fara ja da baya. Faifansu na farkon 1973, Skywriter, bai yi kasuwa ba. Ga kuma kishiya, wasu 'yan'uwa farar fata, Osmonds, sun shigo da irin salon suna kwasar yara. Motown ta ga dole a sake lale. A ƙarshen 1973 aka fitar da faifan Get It Together, aka ajiye waƙoƙin a, b, c, aka kawo kiɗa mai nauyi, ganga da jitar bes suna gaba, wata waƙar ta haura minti takwas. A ciki ne Dancing Machine take, wadda ta kai matsayi na biyu a 1974, ita ce Michael ya yi wa rawar mutum-mutumi a shirin talabijin na Soul Train, washegari yaran Amurka suka tashi suna kwaikwayo. A shekarar ce kuma suka zo Dakar ta Senegal, zuwansu na farko Afirka.

Wasu masu sharhi a nan suke cewa yaran sun girma. Ni ban yarda ba. An dai sako musu kalmasa, an ƙara wa rigar tsawo, amma telan bai sauya ba. Hal Davis da sauran ma'aikatan kamfani ne suka tsara sabon salon kamar yadda wasu suka tsara tsohon. Su kuwa samarin suna kallon abin da ke faruwa a cikin gida. Marvin Gaye ya yi taurin kai a 1971 ya fitar da abin da ransa ke so. Stevie Wonder, wanda shi ma da ƙuruciya ya shiga Motown ana ce masa ƙaramin Stevie, da ya cika shekara 21 a 1971 sai ya ƙi sabunta kwantiragi har sai an sakar masa ragamar waƙoƙinsa. Aka sakar masa. 'Yan gidan Jackson suka ce su ma a bar su su rubuta ko da waƙa ɗaya ce. Aka ce a'a. Ga maganar kuɗi: abin da ke shiga hannunsu daga cinikin faifai bai kai kashi 3 cikin 100 ba, su biyar za su raba.

A tsakiyar 1975 suka sanar cewa sun koma kamfanin Epic, reshen CBS. Nan ne, Baba, amsar tambayarka ta suna take. Da suka zo tafiya sai suka tarar sunan Jackson 5 ba nasu ba ne. Motown ta riga ta yi masa rajista a matsayin kayanta. Sunan ubansu ne, sunan da ke jikin takardar haihuwarsu, amma ba su da ikon sa shi a kan faifai da lambar biyar a gefe. Aka shiga kotu, aka daɗe ana shari'a. Dole suka koma The Jacksons.

Ba suna kaɗai suka bari a can ba, har da ɗan'uwa. Jermaine ya auri Hazel, 'yar Berry Gordy, a watan Disambar 1973. Ga uba yana cewa a tashi, ga suruki yana cewa a zauna. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayanin irin wannan tsaka mai wuya ba. Ya zaɓi zama. Ƙaninsu Randy ya maye gurbinsa. Don haka in ka ɗora kaset ɗinka biyu gefe da gefe ka ƙura ido, za ka ga fuska ɗaya ta fita, wata ta shigo.

To sun samu 'yancin? Da farko dai gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Epic ma ba ta yarda da su ba. Ta tura su Philadelphia wajen Kenny Gamble da Leon Huff, manyan masu tsara waƙa na lokacin, masu kiɗa mai santsi da goge-goge da ƙahonni. A faifan 1976 an bar musu gurbin waƙa biyu su rubuta da kansu, ɗaya daga ciki, Blues Away, ita ce waƙar farko da Michael ya rubuta shi kaɗai ta fita kasuwa. Faifan ya yi abin kirki, Show You the Way to Go ta kai matsayi na ɗaya a Ingila a 1977. Na biyun, Goin' Places, ya faɗi warwas. Kiɗa mai kyau ne, ni ina son sa, amma in ka saurara sai ka ji kamar samari ne suka ari babbar rigar kawunsu za su ɗaurin aure. Duk da haka zaman bai tashi a banza ba, Michael ya ce a wajen mutanen nan biyu ya zauna ya ga yadda ake gina waƙa daga tushe.

Bayan wannan faɗuwar kamfanin ya fara tunanin sallamarsu. Michael, yana ɗan shekara 19, ya bi ubansa zuwa wajen shugabannin kamfanin, ya nemi a ba su dama sau ɗaya su yi komai da hannunsu. Aka ba su, aka dai haɗa su da masu sa ido da ƙwararrun makaɗa irin su Greg Phillinganes. A Disambar 1978 faifan Destiny ya fito. Waƙoƙi takwas ne, bakwai su suka rubuta. A bayan kwalin akwai hoton ɗawisu ya baza jela, alamar kamfanin tsara waƙa da suka kafa wa kansu.

Ɗayar da ba su rubuta ba tana da labari mai ban dariya. Blame It on the Boogie wani Bature ne ɗan Ingila ya rubuta ta da abokan aikinsa, sunansa kuwa Mick Jackson, wato shi ma Michael Jackson ne, ba dangin iya ba na baba. Tasa da tasu suka fito kusan lokaci guda, suka yi ta tsere a kasuwar Ingila, masu saye suna ruɗewa. Ka ga Baba, ba kai kaɗai sunan Jackson ya taɓa rikitawa ba.

Wadda ta ɗaga su ita ce Shake Your Body, ta Michael da Randy, Randy yana ɗan shekara 16 zuwa 17 a lokacin. Kusan minti takwas ce a faifai, an gina ta a kan wani ɗan karin fiyano da bes da ke ta juyawa ba ya gajiya. Ta shiga goman farko a Amurka a 1979, faifan kuma ya haura kwafi miliyan ɗaya. Amma ni abin da ya fi kama ni a Destiny waƙoƙin sanyin ne. Akwai wadda ke maganar mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faranta wa kowa rai shi bai samu daɗi ba. Akwai wadda mai waƙar ke cewa ya gaji da rayuwar birni da ƙyale-ƙyale, sauƙi yake nema. Yaron da aka sa shi waƙar soyayya yana ɗan shekara 11, bai san komai a kanta ba, yau ga shi yana faɗin abin da ke cin sa. Muryar ma ta zauna, siririya har yanzu amma ta namiji, da ɗan shessheƙar nan da aka san shi da ita daga baya. In kaset ɗinka na biyu Destiny ne, Baba, ka adana shi da kyau.

Wasiƙa ta uku daga wata ɗaliba ce a Kaduna. Ta ce tana 'yar sakandare ta haddace waƙoƙin One Direction kaf. Daga baya suka sauya salo, ba a jima ba suka watse. Tana tambaya: wai dole ne duk ƙungiyar matasa in ta ce za ta girma sai ta mutu?

Ƙanwata, ba dole ba ne, amma an fi ganin hakan. Su naki mutanen ma ba a unguwa suka haɗu ba. Su biyar ɗin kowa shi kaɗai ya je gasar X Factor ta Ingila a 2010, alƙalai suka haɗa su, suka zo na uku, Simon Cowell, ɗaya daga cikin alƙalan, ya ɗauke su a kamfaninsa. Faifai biyar suka yi daga 2011 zuwa 2015, kowace shekara ɗaya. Daga na uku, Midnight Memories na 2013, suka shigo da jita mai ƙara irin ta kiɗan rok, Louis Tomlinson da Liam Payne suka shiga rubutu sosai. Ciniki bai faɗi ba. Amma a Maris ɗin 2015 Zayn Malik ya fice, daga baya ya ce irin kiɗan da ake yi ba shi ne a ransa ba. Farkon 2016 sauran suka tafi hutun da har yau ba a dawo ba.

Abu biyu ke cin irin waɗannan ƙungiyoyi. Na farko ke ce da kanki, ƙanwata. Yarinyar da ta manna hotonsu a bango tana da shekara 13, in ta kai 18 ita ce za ta fara cire shi don kada ƙawayen jami'a su gani. Manya kuma sun riga sun yanke hukunci cewa wannan kiɗan yara ne, ko me aka kawo musu ba za su saurara ba. Ƙannenki kuwa sun samu nasu sababbin. Sai ƙungiya ta zama jemage, tsuntsaye sun ƙi ta, dabbobi sun ƙi ta. Haka ta faru da Musical Youth, yaran Birmingham masu kiɗan rege da suka cika duniya a 1982, faifansu na biyu bai je ko'ina ba, zuwa 1985 sun watse. Na biyun ya fi wuyar magani. Muddin kamfani ke rubutawa, mutum biyar bakinsu ɗaya. Ranar da aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, sai a tarar rai biyar ne, kowanne da inda ya dosa.

Akwai waɗanda suka haye. New Edition na Boston sun fara da waƙar yara mai suna Candy Girl a 1983, Bobby Brown ya fita, suka ɗauko Johnny Gill mai babbar murya, suka je wajen masu tsara waƙa Jimmy Jam da Terry Lewis, suka fitar da Heart Break a 1988, manya suka karɓe su hannu biyu. Amma ko su, shekara biyu bayan nan kowa ya kama gabansa, sai daga baya ake sake haɗuwa.

'Yan gidan Jackson ma ba su tsira ba. Wata takwas bayan Destiny, a Agustan 1979, Michael ya fitar da nasa shi kaɗai, Off the Wall, tare da mai tsara waƙa Quincy Jones. Ya dawo sun yi Triumph a 1980, faifai mai ƙarfi, na Can You Feel It. Sai Thriller a ƙarshen 1982, daga nan kuma tazarar ta wuce a ɓoye ta. A bikin cikar Motown shekara 25 a 1983, Jermaine ya dawo, suka rera tsofaffin waƙoƙin tare, suka rungumi juna, 'yan'uwan suka sauka. Michael ya tsaya shi kaɗai, ya ce yana son tsofaffin waƙoƙin nan, amma sababbin sun fi masa. Ya ɗauki baƙar hularsa, aka saki Billie Jean, ya yi tafiyar nan tasa ta baya-baya. A Disambar 1984, a daren ƙarshe na rangadin Victory a Los Angeles, ya sanar a kan dandamali cewa wannan ne na ƙarshe. Ana cikin Shake Your Body ya faɗa, waƙar da ta cece su shekara shida da suka wuce.

Wasiƙa ta huɗu daga Maraɗi take. Wani saurayi ne, ya ce su huɗu ne suke waƙa tun suna makaranta, an san su da wata waƙar barkwanci da suka yi suna 'yan shekara 15. Yanzu sun kai 20, duk bikin da aka gayyace su ita ake cewa su yi. Suna so su koma waƙar manya. Ɗaya daga cikinsu ya ce a sauya shiga, a sa kalamai masu zafi. Yana neman shawara.

Ɗana, ka ce wa abokin naka ya yi haƙuri. Batsa ba girma ba ce, baƙin tabarau da sarƙa a wuya ma haka. Yaro ne kaɗai ke zaton da su ake gane babba. Ku tambayi kanku, a shekara biyar ɗin nan me ya same ku? Wani ya rasa uba, wani ya je ci-rani ya dawo hannu rabbana, wani an aurar da wadda yake so yana kallo. Waƙar tana nan. Ku rubuta da kanku ko da ta farko ba ta yi daɗi ba. Kuma kada ku yi fushi da waƙar barkwancin, ita ta buɗe muku ƙofa. In an nema ku yi ta, sannan ku bi ta da sabuwa tun mutane ba su zauna ba. Makaɗanmu na gargajiya yaro yakan shekara da shekaru yana amshi a bayan ubangidansa kafin ya ja waƙa, ku kuwa zamani ya sa kun fara da ja, sai ku koyi sauran a kan hanya.

Sannan ga abin da ban so ka manta. Tun kuna shiri da juna, ku zauna ku rubuta a takarda, da shaidu: sunan ƙungiyar na wane ne in wani ya fita? Kiɗan da mai situdiyo ya buga muku a fiyano, naku ne ko nasa, kuma wa ke riƙe da asalin abin da aka ɗauka? Shafinku na YouTube da lambar wayar wa aka buɗe shi, wa ya san kalmar sirrin? Za ka ji kunyar tayar da maganar, za a ce ba ka yarda da 'yan'uwa ba. Ka tayar. Ka dai ji yadda aka yi da masu sunan Jackson.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wata baiwar Allah a Abeche ta ƙasar Chadi, kuma kusan duk shekara sai an aiko mana da irinta: wai Michael Jackson ya musulunta kafin ya rasu?

Hajiya, wanda ya musulunta a gidan, ya kuma faɗa da bakinsa, Jermaine ne, a 1989, bayan wata tafiya da ya yi zuwa Bahrain. Shi ne ya fito ya sanar wa duniya rasuwar ƙanensa ranar 25 ga Yunin 2009, ya rufe jawabinsa da yi masa addu'a da sunan Allah, abin da ya ƙara wa maganar ƙarfi a wajen mutane. Michael ya tashi ne a ɗarikar Shaidun Jehobah ta mahaifiyarsa, ya bar ta a 1987. Ya zauna a Bahrain daga 2005 zuwa 2006, a 2008 kuma wata jaridar Ingila ta buga cewa ya musulunta. Shi dai bai taɓa fitowa ya faɗi haka ba, kuma a maƙabartar Forest Lawn da ke kusa da Los Angeles iyalinsa suka binne shi. Abin da ke zuciya kuwa Mai shi ne ya sani.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Baba na Kumasi, na sa an nemo mana waƙa ɗaya daga kowane zamani, za mu sa su a jere ba tare da na sa baki ba, I Want You Back ta 1969, sai Shake Your Body ta 1978. Ka ɗan tsayar da keken ɗinkin, ka kira ɗan naka ya zauna kusa da rediyo. In kuma za ka gwada naka kaset ɗin, ka fara juya shi da biro tukuna, zaren da ya shekara arba'in a kwali ba ya son gaggawa. Masu son aiko da tambaya, adireshinmu yana nan yadda kuka san shi. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa, a huta lafiya.